Daga "miji da mata" zuwa "mutum biyu": Abin da sauya kalma a doka ke nufi ga mutumin Mamudo

A makon farko na Yulin 2024 wani kawuna da ke zaune a Mamudo, 'yan kilomitoci daga Potiskum a kan hanyar Damaturu, ya kira ni bayan sallar Isha'i. Ko gaisuwa ba mu kammala ba ya jefo tambayarsa: "Ɗana, ku da ke Abuja kuna aikin jarida, da gaske ne an sa hannu a halatta auren jinsi a ƙasar nan?"

Na ce masa, "Kawu, a ba ni lokaci in karanta takardar tukuna." Ya ce su kam a majalisarsu ta ƙofar gida an gama magana, domin saƙon murya ya zagaya wayoyi, kuma an ce ba a rubuta abin ƙarara ba, an ɓoye shi ne a cikin kalmar "jinsi".

Wannan zance na ƙarshe shi ya tsaya mini a rai. Aikina na yau da kullum shi ne gyaran rubutun wasu: in cire kalma, in sa wata, in tabbatar "shi" bai koma "ita" ba a tsakiyar labari. Na san kalma ɗaya tana iya juya ma'anar shafi guda. To, shin haka abin yake a doka? Za a iya wayar gari a ga an sauya ma'anar aure a Najeriya ta hanyar cire "miji" da "mata" a sa wata kalma da ba ta nuna namiji ko mace? Idan kuma amsar a'a ce, me ake asara a duk lokacin da tsoron hakan ya hana a taɓa wata doka da ke buƙatar gyara?

Ƙasashen da suka sauya kalmomin

Batun ba ƙirƙira ba ne. Akwai ƙasashen da suka sake rubuta dokokinsu na aure da kalmomin da ba su bambanta namiji da mace ba, kuma da gangan suka yi, domin amincewa da auren jinsi.

Ƙasar Holan ce ta fara ɗaura irin wannan aure a hukumance, a ranar 1 ga Afrilun 2001. A 2005 Kanada ta kafa dokar da ta fassara aure da cewa haɗuwa ce ta halal tsakanin "mutum biyu". A wannan shekarar Sifaniya ta gyara kundin dokokinta na zamantakewa, inda ta cire "miji da mata" daga sassa da dama ta sa kalmar da ke nufin "ma'aurata", ta kuma cire "uwa da uba" ta sa kalmar da ke nufin "mahaifa". Afirka ta Kudu ta bi sahu a 2006, shekara guda bayan Kotun Tsarin Mulkinta ta umarci majalisa ta gyara dokar. Faransa ta yi nata a 2013. A nahiyar Asiya, dokar Thailand da ta fara aiki a ranar 23 ga Janairun 2025 ta bi wannan hanya: inda aka rubuta "namiji da mace" aka mayar da shi "mutane", inda aka rubuta "miji da mata" aka mayar da shi "ma'aurata".

A Amurka abin ya zo ta wata fuska. Kotun Ƙolin ƙasar ce ta yanke hukunci a ranar 26 ga Yunin 2015 cewa dole kowace jiha ta amince da auren jinsi. Amma tsofaffin dokokin jihohi da dama sun ci gaba da ɗauke da kalmomin da, har da sassan da suka haramta auren, duk da cewa sun daina aiki. Shi ya sa ake ta aikin share su. Jihar Kaliforniya ta riga ta cire "miji da mata" daga dokarta ta iyali tun 2014, sannan a Nuwamban 2024 masu zaɓe a Kaliforniya da Colorado da Hawaii suka kaɗa ƙuri'ar cire tsofaffin sassan daga kundin tsarin mulkin jihohinsu.

Idan aka duba waɗannan misalai za a ga abu guda ya haɗa su. A kowace ƙasa, sai da aka yi muhawara a fili, majalisa ta kaɗa ƙuri'a ko babbar kotu ta yanke hukunci a kan ainihin tambayar wa zai auri wa, sannan aka zauna gyaran kalmomi. Gyaran kalmar yana zuwa ne tare da hukuncin ko a bayansa, kamar yadda ake sauya allon shago bayan an sayar da shagon.

Darasin Namibiya

Sai dai ba za a ce tsoron Kawu ba shi da tushe ko kaɗan ba. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a Namibiya an ga yadda kalma ɗaya ta zama ƙofa.

Dokar shige da fice ta ƙasar ta ba wanda ya auri ɗan ƙasa damar zama ba tare da neman izini na musamman ba. Kalmar Ingilishi da dokar ta yi amfani da ita ita ce "spouse", wadda ke nufin abokin aure, namiji ne ko mace, kuma dokar ba ta fassara ta ba. A Mayun 2023 Kotun Ƙolin Namibiya ta yanke hukunci cewa kalmar ta haɗa da 'yan jinsi ɗaya da suka ɗaura aure bisa doka a wata ƙasa. Hukuncin ya tayar da ƙura, kuma majalisar ƙasar ta mayar da martani. Sabuwar dokar aure ta 2024 ta fayyace cewa aure tsakanin jinsi biyu mabambanta ne.

Abin lura a nan shi ne, abin da ya ba kotu damar yin wannan fassara shi ne shirun da doka ta yi. An sa kalma mai faɗi, ba a kuma ce ga iyakarta ba. Don haka tambayar da ta dace a yi game da Najeriya ita ce: tamu dokar ta yi shiru?

Abin da dokar Najeriya ta ce

Ba ta yi shiru ba. A ranar 7 ga Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Haramta Auren Jinsi, wadda Majalisar Dattawa ta fara amincewa da ita a 2011, ta Wakilai kuma a 2013. Sashe na 1 ya haramta auren, ya kuma ce takardar shaidar irinsa da aka samo daga wata ƙasa ba ta da wani matsayi a Najeriya. Wato ƙofar da aka bi a Namibiya, a nan an rufe ta tun kafin a ƙwanƙwasa. Sashe na 2 ya hana ɗaura shi a coci ko masallaci ko wani wurin ibada. Sashe na 3 ya ce auren namiji da mace kaɗai ƙasa ta sani. Sashe na 5 ya tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla auren, da shekara 10 ga wanda ya shaida shi ko ya taimaka, ko ya kafa ƙungiyar masu wannan ra'ayi. Sashe na 7 kuma ya fassara aure da cewa haɗuwa ce tsakanin jinsi biyu mabambanta, bisa Dokar Aure ko shari'ar Musulunci ko al'ada.

Ban da wannan, akwai sashe na 284 na kundin Penal Code da Arewa ke aiki da shi tun 1960, da sashe na 214 na kundin Criminal Code na Kudu. Yobe kuma tana cikin jihohi 12 da suka ƙaddamar da dokokin shari'ar Musulunci bayan Zamfara ta buɗe hanya a 1999.

Dokar ta 2014 ta sha suka daga waje da kuma daga masu kare haƙƙin ɗan Adam a cikin gida. Shugabar Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, Navi Pillay, ta yi tir da ita, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2016 da ke cewa ana fakewa da dokar wajen tatsar kuɗi da cin zarafi. A Fabrairun 2014, wata guda bayan sa hannu, wasu gungun mutane sun far wa maza fiye da goma a unguwar Gishiri da ke Abuja bisa zargi kawai. A Oktoban 2020 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta kori ƙarar da aka shigar da mutum 47 a ƙarƙashin dokar saboda masu gabatar da ƙara sun gaza kawo shaidunsu. Masu goyon bayan dokar kuwa, ciki har da manyan shugabannin Musulunci da na Kirista, suna ganin ta yi daidai da addini da al'adun ƙasa.

Ko wane ɓangare mutum yake, abu guda ba a jayayya a kansa: dokar tana nan, kalmominta a bayyane suke, kuma ba abin da zai kawar da ita sai Majalisar Tarayya ta soke ta da rana tsaka, ko kotu ta rushe ta a shari'ar da kowa zai gani.

Rikicin Yarjejeniyar Samoa

Abin da ya tayar wa Kawu hankali shi ne Yarjejeniyar Samoa, wadda aka ƙulla tsakanin ƙasashe 27 na Tarayyar Turai da ƙasashe 79 na Afirka da yankin Karebiyan da na Pasifik. An buɗe sa hannu a kanta a Apia, babban birnin Samoa, a ranar 15 ga Nuwamban 2023, domin ta gaji Yarjejeniyar Kwatano ta shekarar 2000. Najeriya ba ta sa hannu ba a ranar. Sai a 28 ga Yunin 2024 ta yi a Brussels.

A ranar 4 ga Yuli jaridar Daily Trust ta buga labarin cewa yarjejeniyar tana ɗauke da sharuɗɗan goyon bayan masu neman jinsi ɗaya, kuma akwai dala biliyan 150 a tattare da ita. Kafin Juma'a ta zagayo, labarin ya cika mumbarori da shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp. Ministan Kasafi da Tsare-tsaren Tattalin Arziki, Abubakar Atiku Bagudu, da Ministan Yaɗa Labarai, Mohammed Idris, sun musanta. Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa a ƙarƙashin Yakubu Maikyau ta ce ta karanta takardar ba ta ga wannan sharaɗi ba. Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da aiwatarwa har a yi bincike. Daga baya hukumar sauraren ƙorafe-ƙorafe kan kafafen yaɗa labarai ta yanke cewa labarin bai inganta ba, jaridar kuma ta nemi afuwa.

Me ke cikin takardar? Akwai maganar "daidaiton jinsi". Akwai kuma sashen da ya hana nuna bambanci saboda jinsi ko ƙabila ko addini ko naƙasa ko shekaru "ko wani matsayi". Wannan jimla ta ƙarshe ce masu adawa suka riƙe, suna cewa ƙofa ce da aka bari a buɗe. Damuwarsu tana kama da abin da ya faru a Namibiya. Bambancin shi ne sashe na 12 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ce babu yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da za ta zama doka a Najeriya sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Sa hannun wani jami'i a Brussels ba ya goge ko harafi ɗaya daga dokar 2014.

Yaron da doka ba ta gani

A nan ne zancen ya dawo gida. Akwai wani nau'in gyaran kalma da ba ruwansa da aure, wanda kuma rashinsa ya daɗe yana cutar da talaka.

Mamudo gari ne da duniya ta san sunansa ta dalilin 'ya'yansa na makaranta. A ranar 6 ga Yulin 2013 'yan bindiga suka kai hari makarantar sakandaren kwana ta gwamnati da ke garin, inda aka kashe mutum 42, akasarinsu ɗalibai. Iyayen wannan yanki sun san abin da ake nufi da a damƙa yaro a hannun hukuma da amanar za a kare shi. Kuma ba harsashi kaɗai ke cutar da yaro ba.

A ɗauka wani uba a garin ya gano cewa wani babba ya keta haddin ɗansa namiji, a ɗakin kwana ko a gona ko a shago. A ƙarƙashin sashe na 282 na tsohon Penal Code, abin da aka yi wa yaron ba sunansa fyaɗe ba. Sashen ya ce namiji ne ke yin fyaɗe, mace kuma ake yi wa. Abin da ya rage wa mai gabatar da ƙara shi ne sashe na 284, wanda ke hukunta saduwar da ta saɓa wa ɗabi'a, kuma lafazinsa bai bambanta wanda aka tilasta da wanda ya yarda ba. Sakamakon haka, wanda aka zalunta yana shiga ƙarƙashin inuwar laifi guda da wanda ya zalunce shi, ko da a idon jama'a ne. Iyali da yawa kan zaɓi yin shiru saboda gudun abin kunya, mai laifin kuma ya koma kan wani yaron.

Dokar Haramta Cin Zarafin Mutane, wadda aka fi sani da VAPP, da aka sa wa hannu a ranar 25 ga Mayun 2015, ita ta toshe wannan giɓi. Sashenta na farko ya sake fassara fyaɗe: mai laifi na iya zama "shi ko ita", wanda aka yi wa kuma "wani mutum" ne, ba tare da an ce namiji ko mace ba. Hukuncin na iya kai wa ɗaurin rai da rai. Wannan shi ne ainihin rubuta doka da kalmomin da ba su nuna jinsi ba, kuma shugaban da ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi shi ya sa mata hannu, wata 16 tsakani. Ba wanda ya ga karo tsakanin biyun.

Da yake dokar ta shafi Abuja ne kawai, sai kowace jiha ta kafa tata. Yobe ta tsaurara hukuncin fyaɗe a gyaran Penal Code na 2018 a zamanin Gwamna Ibrahim Gaidam, sannan Gwamna Mai Mala Buni ya sa hannu a dokar VAPP ta jihar a 2022, shekara bakwai bayan ta tarayya.

Mijin 'yar Potiskum

Misali na biyu yana kasuwa. Kasuwar shanu ta Potiskum tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, kuma fatake daga Nijar da Chadi da Kamaru sun daɗe suna zuwa cinta. Inda ake ciniki kuwa ana auratayya.

Sashe na 26(2)(a) na Kundin Tsarin Mulki ya ba "duk macen" da ta auri ɗan Najeriya damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista. Idan mutumin Mamudo ya auro 'yar Diffa, hanya a buɗe take gare ta. Idan kuwa ƙanwarsa ce ta auri ɗan Diffa, aure na sunna da waliyyi da shaidu da sadaki, mijin ba shi da wannan dama. Sai dai ya bi sashe na 27, wanda ke buƙatar zaman shekara 15 a ƙasa, da shaidar gwamnan jiha cewa jama'ar wurin sun karɓe shi. 'Ya'yansu 'yan ƙasa ne ta wajen uwa bisa sashe na 25, amma ubansu baƙo ne a takarda. Kuma wannan yana cikin kundin da sashensa na 42 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda kasancewarsa namiji ko mace.

An yi yunƙurin gyara wannan. Yana cikin ƙudurori biyar da suka shafi mata waɗanda Majalisar Tarayya ta yi watsi da su a ranar 1 ga Maris na 2022, abin da ya sa ƙungiyoyin mata suka yi kwanaki suna tare ƙofar majalisar. A ranar 8 ga watan Majalisar Wakilai ta janye matsayinta a kan uku daga ciki, har da na zama ɗan ƙasa, amma wa'adin majalisar ya ƙare ba a gyara sashen ba. Maƙwabciyarmu Nijar, wadda kusan duk al'ummarta Musulmi ne, ta yi irin wannan gyara a dokarta tun 2014.

Ba daidai ba ne a ce tsoron auren jinsi ne kaɗai ya kashe waɗannan ƙudurori. Ƙudurin daidaiton jinsi da damammaki na Sanata Biodun Olujimi, wanda Majalisar Dattawa ta kayar a Maris na 2016, ya gamu da adawa ne musamman a kan rabon gado, kuma Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya fito fili ya ce ya saɓa wa tanadin Musulunci. Da ƙudurin ya dawo a Disamban 2021, Sanata Aliyu Wamakko da Sanata Yusuf Abubakar Yusuf sun ce ba su yarda da kalmar "daidaito" ba, sun fi son "adalci". Shugaban majalisar na lokacin, Sanata Ahmad Lawan na Yobe ta Arewa, ya ba da shawarar a ƙara tuntuɓa, aka jingine shi. Waɗannan dalilai ne na addini da ya kamata a saurara a kan kansu. Amma tun bayan rikicin Samoa, kalmar "jinsi" ta ƙara nauyi a kunnen jama'a, kuma ɗan majalisar da ke tunanin zaɓe mai zuwa ya san haka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Matsalar da ke cikin fassara

Wani ɓangare na ruɗanin daga harshe yake. Da Ingilishi ake rubuta dokokinmu, da Hausa kuma ake muhawara a kansu a Mamudo, harsunan biyu kuwa ba su raba duniya iri ɗaya ba.

Ingilishi yana da kalmomi biyu, "sex" da "gender". Ta farko halitta take nufi. Ta biyu, a takardun gwamnati da na hukumomin raya ƙasa, ta fi nufin matsayin maza da mata a cikin al'umma, ko da yake a ƙasashen Yamma wasu sun faɗaɗa ma'anarta. Hausa kuwa da "jinsi" take fassara su duka. Da wannan kalmar kuma muka gina "auren jinsi". Don haka idan mai sauraren rediyo ya ji "daidaiton jinsi" da safe, ya ji "auren jinsi" da yamma, ba laifinsa ba ne in ya zaci 'yan gida ɗaya ne. Laifin namu ne, masu fassara, da ba mu cika tsayawa mu ce "tsakanin maza da mata" ba a inda abin da ake nufi ke nan.

Ta wani ɓangaren kuma, Hausa ta fi Ingilishi bambanta namiji da mace. Bature zai ce maka "you" ko kai wane ne. Bahaushe sai ya zaɓa tsakanin "kai" da "ke". Muna da "ya" da "ta", "wanda" da "wadda", "nasa" da "nata". Ba mu da kalma tilo da ta yi daidai da "spouse": ko dai abokin zama ko abokiyar zama. Sai a jam'i muke samun sauƙi, mu ce "ma'aurata", ko mu fake da "an" da "a". Duk da haka, idan alƙali ya ce "duk wanda ya yi sata", babu macen da za ta ce ba da ita ake ba.

Dokar Ingilishi ma haka ta daɗe tana yi. Tun 1850 majalisar Birtaniya ta kafa ƙa'idar cewa lafazin namiji a doka ya haɗa da mace, kuma mun gaji wannan a sashe na 14 na Dokar Fassarar Dokoki. Shi ya sa sashe na 131 na kundinmu yake kiran mai neman shugabancin ƙasa da "he", amma mata suna tsayawa takara ba wanda ya hana su. Sai dai tarihi ya nuna cewa dogaro da fassara yana da haɗari: a 1928 Kotun Ƙolin Kanada ta yanke cewa kalmar "mutane" a sashen da ya shafi naɗa sanatoci ba ta haɗa da mata ba, sai a 1929 aka rushe hukuncin a Landan. Ƙa'idar sashe na 14 kuma ba ta taimaki yaron da aka yi wa fyaɗe ba, ba ta kuma taimaki mijin 'yar Potiskum ba, domin a waɗannan sassan doka da gangan ta ce "mace".

Hanyar da Kenya ta bi

Ana iya yin gyaran ba tare da an taɓa ma'anar aure ba? Kenya ta nuna ana iyawa. Kundin tsarin mulkinta na 2010 ya ce duk "mutumin" da ya yi shekara bakwai da auren ɗan ƙasa yana iya neman rajistar zama ɗan ƙasa, namiji ne ko mace. A cikin kundin guda, sashe na 45 ya ce kowane baligi yana da 'yancin auren wanda ba jinsinsu ɗaya ba. An faɗaɗa kalma a inda ake son adalci tsakanin miji da mata, an kuma fayyace ta a inda ake son iyaka.

Ga Najeriya aikin ya ma fi sauƙi. Ana iya rubuta "mace ko namijin da ya auri ɗan Najeriya ko 'yar Najeriya", a kuma jingina ma'anar aure ga dokar da ke akwai. Batun ya sake zuwa gaban kwamitocin gyaran kundin tsarin mulki da Sanata Barau Jibrin da Mataimakin Shugaban Majalisar Wakilai Benjamin Kalu ke jagoranta. Kuma ko ya tsallake Abuja, sai majalisun jihohi 24 sun amince, wato sai an kaɗa ƙuri'a a kansa a wurare irin su Damaturu, inda wakilan Potiskum ke zaune.

Bayan kwana biyu na kira Kawu. Na karanta masa sassan da ake magana a kansu, na fassara masa su ɗaya bayan ɗaya, na kuma gaya masa abin da sashe na 12 ya ce. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, gani ya kori ji. Amma gobe in an sake kawo wata fa?"

Na ce, "Kawu, duk ranar da aka ce an sauya kalma a doka, a yi tambaya uku. Wace kalma aka cire? Wace aka sa a madadinta? Kuma an taɓa sashen da ya fassara aure ko ba a taɓa ba? Wanda ya kawo labarin, in ya kasa amsa su, a ce ya kawo takardar."

Ya ce zai kai wa majalisa. Sannan ya tambaye ni lambar sashen nan na mijin baƙo, wai akwai maƙwabcinsa da 'yarsa ke aure da wani ɗan Nijar shekara da shekaru, yana so ya rubuta masa a takarda.